Wa Ya Kayar Da Kejriwal A Mazaɓar New Delhi?

"Malam, ina bibiyar siyasar Indiya, kuma na ji masu sharhi suna cewa jam'iyyar Congress ce ta ja wa Arvind Kejriwal faɗuwa a mazaɓarsa ta New Delhi a zaɓen 2025, domin ƙuri'un da ɗan takararta ya samu sun ɗara tazarar da aka kayar da shi da ita. Shin haka abin yake? Kuma me ya sa wannan mazaɓa ɗaya tak take ɗaukar hankali haka a cikin mazaɓu 70?"

Malam, tambayoyi biyu ka yi, kuma amsar ta biyun ce ke buɗe ƙofar ta farkon. Abin da kake son sani shi ne ko rabuwar ƙuri'un masu adawa da jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ce ta kayar da Kejriwal, jagoran jam'iyyar AAP kuma tsohon babban minista, wato shugaban gwamnatin Delhi, ko kuwa akwai wani abu da ya fi wannan girma. Ni a ganina lissafin da ka ji gaskiya ne a kan takarda, amma bai isa hujja ba, kuma wanda ya jera sakamakon wannan kujera tun daga 1993 zai ga cewa ɓarakar daga cikin gidan Kejriwal ta fara. Zan bi da kai ta tarihin, domin alƙaluman shekara ɗaya ba sa magana sai an ajiye su kusa da na shekarun da suka gabace su.

Asalin majalisar da asalin kujerar

Delhi ba cikakkiyar jiha ba ce. Ta taɓa samun majalisar dokoki a 1952, aka rushe ta a 1956 lokacin da aka sake fasalin jihohin Indiya, birnin ya koma ƙarƙashin gwamnatin tarayya kai tsaye. Daga 1966 an yi wata majalisar birni wadda aikinta bai wuce ba da shawara ba. Gyaran tsarin mulki na 69, wanda aka yi a 1991, shi ya dawo wa Delhi da majalisar dokoki mai kujeru 70 da babban minista, aka yi zaɓen farko a 1993. Sai dai an bar abubuwa uku a hannun tarayya: 'yan sanda, tsaron zaman lafiya, da filaye. Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen doguwar rigimar da aka sha yi tsakanin zaɓaɓɓiyar gwamnatin Delhi da Laftanar Gwamna, wanda tarayya ke naɗawa.

Mazaɓar da ake kira New Delhi a yau, mai lamba 40, ba ta samu wannan suna ba sai bayan sake shata iyakokin mazaɓu a 2008. Kafin nan jigon yankin yana cikin mazaɓar Gole Market. Saboda haka duk wanda ya ce maka "tarihin kujerar tun 1993" yana haɗa mazaɓu biyu ne da iyakokinsu ba su zo daidai ba, kuma ni kan gargaɗi ɗalibai kada su kwatanta yawan ƙuri'un kafin 2008 da na bayanta kamar fili ɗaya ake aunawa.

Yankin kansa shi ne zuciyar mulkin Indiya. A ciki fadar shugaban ƙasa take, da ginin majalisar tarayya, da kasuwar Connaught Place, da faffaɗan gidajen ministoci da alƙalai da Turawan mulkin mallaka suka tsara. Amma ba waɗannan manyan ne ke yanke hukuncin zaɓe ba, domin ba su da yawa. Masu rinjaye su ne ma'aikatan gwamnati matsakaita da ƙanana da ke zaune a gidajen hukuma irin na Gole Market da Lodhi Colony da Kidwai Nagar, sai masu aikin gida da direbobi da masu wanki da ke zaune a ɗakunan bayan manyan gidajen, sai ma'aikatan shara na al'ummar Valmiki, sai kuma unguwannin bukkoki da ake kira jhuggi. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba ɗan gari ba ne: ana yi masa canjin wurin aiki, yana ritaya ya bar gidan, wani ya shigo. Don haka mazaɓar ba ta da irin tsayayyun gidajen siyasa na gado da ake samu a tsoffin unguwannin birnin, kuma kundin masu zaɓenta yana sauyawa fiye da na yawancin maƙwabtanta.

Shekarun Sheila Dikshit

A 1993 Kirti Azad na BJP ne ya ci Gole Market. Tsohon ɗan wasan kurket ne, yana cikin tawagar Indiya da ta ɗauki kofin duniya a 1983. A wannan zaɓe BJP ta samu kujeru 49, Madan Lal Khurana ya zama babban minista. Cikin shekara biyar jam'iyyar ta yi manyan ministoci uku: Khurana, sai Sahib Singh Verma daga 1996, sai Sushma Swaraj da aka kawo ana saura 'yan makonni a yi zaɓen 1998, a daidai lokacin da farashin albasa ya yi tashin gwauron zabi har ya zama maganar kowane gida. Congress ta ci kujeru 52, Sheila Dikshit ta kayar da Azad a Gole Market, ta zama babbar minista.

A 2003 ta sake ci, wannan karon a kan Poonam Azad, matar Kirti Azad, jam'iyyarta ta samu kujeru 47. A 2008, zaɓen farko da sabon suna da sabbin iyakoki, ta kayar da Vijay Jolly na BJP da tazarar ƙuri'a kusan 14,000, Congress ta tashi da kujeru 43. Shekara 15 ke nan a jere, kuma a cikinsu ne jirgin ƙasan cikin birni ya fara aiki a Disamban 2002, aka mayar da motocin haya suna amfani da iskar gas, aka gina gadojin sama birjik. Mutanen da ke zaune a tsakiyar birnin sun ga waɗannan ayyuka da idonsu, kuma sun saka mata da ƙuri'a sau uku.

Girgizar 2013

A nan ne zan daɗe, domin duk abin da ya faru a 2025 yana da saiwa a wannan shekara. Kafin zaɓen Disamban 2013 gwamnatin Congress ta sha nauyi iri-iri: zargin almundahana a shirye-shiryen wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2010, gangamin yaƙi da cin hanci da Anna Hazare ya jagoranta a 2011, fushin jama'a bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin motar bas a Disamban 2012, ga tsadar wutar lantarki da ruwa. Kejriwal, tsohon jami'in haraji da ya yi suna wajen fafutukar dokar 'yancin samun bayanai, ya kafa jam'iyyar Aam Aadmi, wato jam'iyyar talaka, wadda aka fi sani da AAP, a Nuwamban 2012. Ya zaɓi ya tsaya a mazaɓar babbar minista kanta, alamarsa kuma tsintsiya ce, abin da ma'aikatan shara na Valmiki suke riƙewa kullum da hannunsu.

Ina cikin waɗanda suka ɗauki kujerar a matsayin wadda ba ta cikin haɗari. Na dubi tazarar 2008, na dubi shekara 15 na mulki, na ce sabuwar jam'iyya za ta raba ƙuri'un masu adawa ne kawai, abin ya zama riba ga mai kujera. Ranar 8 ga Disamba aka ƙirga: Kejriwal 44,269, Dikshit 18,405, Vijender Gupta na BJP 17,952. Tazarar 25,864 ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko da an haɗa ƙuri'un Dikshit da na Gupta wuri guda, 36,357 ne, ba su kai nasa ba. Daga ranar na daina auna ƙarfin mai kujera da tazarar da ya samu a baya, na koma bin ƙuri'un kowace jam'iyya ɗaya bayan ɗaya, in ga daga ina suka zo kuma ina suka tafi.

A majalisar kuwa BJP ta samu kujeru 31, AAP 28, Congress 8. BJP ta ƙi kafa gwamnati saboda ba ta da rinjaye, Kejriwal ya kafa da goyon bayan Congress, ya yi kwana 49 ya sauka a Fabrairun 2014 a kan dokar yaƙi da cin hanci da aka hana shi gabatarwa. Delhi ta koma hannun tarayya na tsawon shekara guda.

Zaɓen Fabrairun 2015 ya kammala abin da na 2013 ya fara. Kejriwal ya samu 57,213, Nupur Sharma ta BJP 25,630, Kiran Walia ta Congress 4,781. Dubi abin da ya samu Congress: ta yi asarar ƙuri'a 13,624 a cikin wata 14, shi kuma ya ƙaru da 12,944. Ba za a iya rantsuwa cewa mutanen nan ne dai suka sauya sheƙa ba, amma kusancin alƙaluman ya isa ya nuna maka inda ginin AAP ya tsaya, wato a kan tsohon filin Congress. Jam'iyyar ta ci kujeru 67 cikin 70.

A 2020 mazaɓar ta cika da 'yan takara, har Kejriwal ya shafe kimanin sa'a shida yana jiran layi a ofishin jami'in zaɓe a ranar ƙarshe ta miƙa takardu, yana riƙe da lambar layi ta 45, alhali shi ne babban minista. Sakamakon ya fito haka: shi 46,758, Sunil Kumar Yadav na BJP 25,061, Romesh Sabharwal na Congress 3,220. Kowa ya kalli kujeru 62 da AAP ta ci, kaɗan ne suka lura cewa ƙuri'unsa sun ragu da fiye da 10,000, na BJP kuma sun tsaya cik a inda suke.

Lissafin 2025

An jefa ƙuri'a ranar 5 ga Fabrairu, aka ƙirga ranar 8. Karawar ta kasance tsakanin tsohon babban minista da 'ya'yan tsoffin manyan ministoci biyu: Parvesh Verma na BJP, ɗan Sahib Singh Verma, wanda ya wakilci Yammacin Delhi a majalisar tarayya sau biyu, da Sandeep Dikshit na Congress, ɗan Sheila Dikshit da ta rasu a 2019. Verma ya samu 30,088, Kejriwal 25,999, Dikshit 4,568. Tazarar 4,089 ce, kuma daga nan maganar da ka ji ta samo asali, tunda 4,568 ya fi 4,089.

To, mu auna ta. Idan an ɗauke Sandeep Dikshit daga takardar zaɓe, Kejriwal yana buƙatar kusan kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓensa su dangwala wa tsintsiya, kuma da sharaɗin ragowar su zauna a gida. Idan ragowar suka tafi BJP, to yana buƙatar kusan kashi 95. Ka tuna su wane ne waɗannan mutane. Da alama yawancinsu su ne 'yan tsirarun da suka ƙi barin Congress a 2015 lokacin da kowa ya bar ta, suka sake ƙi a 2020, kuma a 2025 suka zaɓi ɗan matar da Kejriwal ya yi suna da sukarta. Yana da wuya a ce tara cikin goma na irin waɗannan za su koma gare shi don kawai shugabanni sun yi yarjejeniya a sama. Muna ma da gwaji na kusa: a zaɓen majalisar tarayya na 2024 AAP da Congress sun haɗa kai a Delhi, suka raba kujeru bakwai huɗu da uku, kuma BJP ta cinye bakwai ɗin duka, har da babbar mazaɓar New Delhi wadda Bansuri Swaraj ta ci. Zaɓen tarayya daban yake da na majalisar Delhi, na yarda, domin mutanen birnin sun saba ba BJP ƙuri'a a na farko su hana ta a na biyu. Duk da haka ya nuna cewa ƙuri'un jam'iyyun biyu ba hatsi ba ne da za a juye daga buhu zuwa buhu ba tare da zuba ba.

Yanzu ajiye 2020 kusa da 2025. Kejriwal ya yi asarar ƙuri'a 20,759. BJP ta ƙaru da 5,027. Congress ta ƙaru da 1,348 kacal. Idan ka haɗa ƙarin da jam'iyyun biyu suka samu ka cire daga asararsa, saura 14,384, kuma waɗannan ba su je wa kowa a cikin manyan 'yan takara uku ba. Jimillar ƙuri'un manyan ukun ta sauko daga 87,624 a 2015 zuwa 75,039 a 2020, zuwa 60,655 a 2025. Wannan shi ne babban labarin mazaɓar, kuma shi aka fi tsallakewa. Congress ba ta farfaɗo ba. Ɗan takararta ko kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'un bai samu ba, wanda shi ne ma'aunin da doka ta sa kafin a mayar wa mutum kuɗin ajiyar takararsa. Abin da ya faru shi ne tulin ƙuri'un Kejriwal ya zaizaye zuwa ƙasa da rabin abin da yake a 2015.

Akwai kuma wani abu da adalci ya sa in faɗa, don kada a rage wa Verma haƙƙinsa. Ƙuri'a 25,999 da Kejriwal ya samu sun fi 25,061 da BJP ta samu a 2020. Ma'ana, da BJP ta tsaya a tsohon matsayinta na dubu ashirin da biyar da 'yan kai, inda ta tsaya a zaɓe biyu a jere, da Kejriwal ya tsira da ƙyar duk da asarar da ya yi. Ƙarin dubu biyar ɗin nan, a cikin mazaɓar da masu zaɓenta ke raguwa, shi ya ƙarasa aikin. Abu biyu ne suka haɗu, zaizayewa a gefe ɗaya da ƙaruwa a ɗaya gefen.

Me ya jawo zaizayewar

Dalili na farko shi ne raguwar masu zaɓe kansu. An rushe tsoffin gidajen ma'aikata da dama a tsakiya da kudancin Delhi don a sake gina su da benaye, mazaunansu suka watsu, ga kuma tsarin canjin aiki da ritaya da na ambata. AAP ta yi ƙorafi ga hukumar zaɓe a Janairun 2025 cewa ana neman cire sunaye da ƙara wasu a kundin mazaɓar ta hanyar da ba ta dace ba, BJP ta musanta kuma ta mayar mata da irin wannan zargi. Ko da wanne ɓangare mutum ya gaskata, raguwar ta fi cutar da wanda ya fi yawan ƙuri'u a unguwannin da suka rage.

Na biyu shi ne sunan mutumin. Kejriwal ya shigo siyasa da tsintsiya, yana cewa zai share cin hanci. A Maris na 2024 aka kama shi a kan zargin da ya shafi tsarin sayar da barasa na Delhi, zargin da ya musanta. Kotun Ƙoli ta ba shi beli a Satumba, ya sauka daga mulki cikin kwanaki kaɗan, Atishi ta gaje shi, ya ce ba zai koma kujerar ba sai jama'a sun wanke shi da ƙuri'a. Ga kuma cece-kuce a kan kuɗin da aka kashe wajen gyaran gidan babban minista, wanda 'yan adawa suka yi wa laƙabi da fadar madubi. Ɗan siyasar da jarinsa shi ne tsabtar hannu, zargi kaɗai yana rage masa abin da ba zai rage wa wani ba. Da ya mayar da zaɓen ya zama hukunci a kan mutuncinsa, ya ba wanda ke shakka dalilin zama a gida.

Na uku ya shafi wannan mazaɓa fiye da sauran. Ana saura makonni uku a yi zaɓe gwamnatin tarayya ta sanar da kafa kwamitin duba albashin ma'aikata na takwas, sannan a kasafin kuɗin ranar 1 ga Fabrairu, kwana huɗu kafin jefa ƙuri'a, aka ɗauke harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa bai wuce rupi miliyan 1.2 a shekara ba. A mazaɓar da ma'aikatan tarayya suka cika, wannan magana ce ta aljihu kai tsaye. Wutar lantarki kyauta har zuwa ma'auni 200 da bas kyauta ga mata, waɗanda suka taimaki AAP a 2020, sun riga sun zama abin da aka saba da shi, kuma BJP ta yi alƙawarin ba za ta soke su ba.

Ga iyakar abin da lissafi zai iya ba ka. Ƙuri'a a ɓoye ake jefa ta, don haka babu takardar da za ta nuna wanda ya bar tsintsiya ya koma furen bado, alamar BJP, da wanda ya zauna a gida, da wanda ya tashi daga unguwar gaba ɗaya. Abin da ya fi kusa da amsa shi ne Fom na 20, takardar da hukumar zaɓe ke fitarwa mai ɗauke da sakamakon kowace rumfa. Yadda nake aiki da ita shi ne in ware rumfunan gidajen ma'aikata gefe, na unguwannin bukkoki da ɗakunan masu aikin gida gefe, in kwatanta kowane rukuni da abin da ya bayar shekara biyar baya, da ɗanyen adadi ba da kaso ba. Kaso yana ɓoye mutanen da suka ɓace daga lissafi, kuma a New Delhi su ne suka fi yawa. Ko wannan hanya tana nuna inda ƙuri'a ta ragu ne, ba ta karanta zuciyar mai ita.

Dalilin da ake sa mata ido

A dukkan zaɓuka takwas da aka yi tun 1993, jam'iyyar da ta ci wannan kujera ita ta kafa gwamnatin Delhi, har a 2013 da AAP ta zo ta biyu a yawan kujeru. Daga 1998 zuwa 2024 kuma, in ka cire shekarar da tarayya ta riƙe birnin, mai kujerar shi ne babban minista. Kada ka ɗauki wannan a matsayin wani sirri na wurin. Jam'iyyu ne ke tura shugabanninsu can, don haka mai zaɓe a Gole Market yana yanke hukunci a kan gwamnati gaba ɗaya lokacin da yake zaɓen wakilinsa. Ayyukan yau da kullum na yankin ma, irin su shara da hanyoyi da ruwa, suna hannun hukumar birnin New Delhi ce, wadda ba zaɓenta ake yi ba, ɗan majalisar mamba ɗaya ne a cikinta. Shi ya sa faɗuwar Dikshit ta zo tare da faɗuwar Congress zuwa kujeru 8, faɗuwar Kejriwal kuma ta zo tare da saukar AAP zuwa 22, BJP ta samu 48, Congress ba ko ɗaya karo na uku a jere.

A 2025 ne aka karya rabin al'adar. Mutane da yawa sun zaci wanda ya kayar da Kejriwal shi za a ba mulki, amma BJP ta zaɓi Rekha Gupta, wakiliyar Shalimar Bagh, aka rantsar da ita ranar 20 ga Fabrairu, Verma ya zama minista a gwamnatinta mai kula da ayyuka da ruwa. Karo na farko ke nan tun bayan 1993 da aka kafa gwamnati bayan zaɓe, wakilin wannan kujera ba shi ne shugabanta ba.